Kunnen Saniya ta Bakwai

Wuƙa na hannun Abdulmumini, gwiwarsa na kan wuyan saniya ta bakwai, har ya buɗe baki zai yi bisimilla, sai idonsa ya faɗa kan kunnenta. Tsaga biyu a gefe, huda ɗaya a tsakiya.

Hannunsa ya tsaya cak.

Shekara ashirin yana fawa a kasuwar Talata Mafara, babu rugar da bai san shaidar da take yi wa shanunta ba. Wannan shaidar ta surukinsa ce, Malam Ɗan Juma na Damaga, wanda 'yan bindiga suka harbe a bakin garke wata biyu da suka wuce, suka kora shanunsa cikin daji. Har yau 'yarsa Safara'u, matar Abdulmumini, ko romon nama ba ta iya haɗiya.

"Maigidan wuƙa, barci kake yi?"

Nasiru ne, wakilin ɗan takarar da kowa ke kira Alhaji kawai. Shi ya shigo da shanu goma sha biyu a babbar mota da hantsi, ya ce a yanka a raba wa magoya baya, daga nan har ƙauyukan hanyar Bakura. A al'ada kai da ƙafa da fata ladan mahauci ne. Yau kuwa Nasiru ya ce kai da fata mota za su koma, a ɗebi tsoka a madadinsu. Da safe mahauta sun ɗauka rowa ce. Yanzu Abdulmumini ya gane.

"Wagga saniya daga ina take, Alhaji Nasiru?"

"Daga cikin uwatta. Yanka, malam, rana na yi."

A saman motar mutum biyu ne zaune, rawani ya rufe musu baki, tun da suka zo ba su gaisa da kowa ba. Abdulmumini ya dube su, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Da ya sunkuya fiɗa, sai ya ba su baya, ya yanke kunnen ya tura aljihu.

Rediyon da ke rataye jikin ginshiƙi na ta musu. Wani lauya na cewa in ba a taka wa kuɗin kamfe birki ba, kujera ta zama hajar kasuwa. Wani kuma na cewa a bar talaka ya ci, ai sai lokacin zaɓe ake tunawa da shi. Mahauta suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata mata ta sauka daga kan babur, ta ɗora riga mai tambari a kan hijabinta. Ta yi sallama, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali, sannan ta ce sunanta Nusaiba, daga ƙungiyar masu sa ido kan abin da 'yan takara ke kashewa.

"Waɗannan shanun nawa aka saye su?"

"Ko sisi, Hajiya," in ji Nasiru yana murmushi. "Dokarku kuɗi ta ce. Ki duba aljihuna in kin ga dama."

"Gudummawa ma doka ta sa ta a ciki, ko saniya ce ko buhun gero. Wa ya bayar?"

"Masoya na karkara. Ba su son a faɗi sunansu." Ya ɗan rage murya. "Kuma ba su son baƙi."

Nusaiba ta juyo wajen mahauta. "Bayin Allah, akwai wanda ya san inda suka fito?"

Kowa ya duƙufa kan aikinsa, ana ta saran ƙashi da gatari. Abdulmumini ya ji jinin kunnen ya ratsa aljihu ya taɓa cinyarsa. In ya yi magana a nan, ba zai kai la'asar ba. In ta tafi, an loda kawuna a mota, jinin Ɗan Juma ya bi ruwa ke nan.

Ya yagi takardar siminti, ya zuba tsoka, ya cusa kunnen a ƙarƙashi, ya naɗe tam. Ya sha gabanta tana shirin hawa babur.

"Ranki shi daɗe, baƙo ba ya barin mahauta hannu sake. Ki buɗe da kanki in kin isa gida."

Ya kafe ta da ido, yana roƙon Allah ta karanta abin da ke ciki.

Nusaiba ta ja da baya, ta haɗa hannuwa a ƙirji.

"Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Amma abin da na zo hanawa ke nan. Doka ba ta yarda in karɓi ko ƙwayar goro ba."

"Hajiya, don Allah..."

"Ka yi haƙuri."

Babur ya tashi. Kafin ya sauke hannu, an zare ƙunshin daga yatsunsa.

"Ni dai doka ba ta hana ni ba," in ji Nasiru. Ya jinjina shi a tafin hannu. "Kai, har da zaɓa mata mai kyau! Bari in miƙa wa mutanen kan mota, tun safe ba su karya ba."

Ya cilla shi sama. Ɗaya daga cikinsu ya cafe.

Abdulmumini ya koma ya durƙusa kan saniya ta takwas. A bayansa ya ji ƙarar takardar siminti, ana warware ta a hankali.