Jan Zaren Harilal

"Ka faɗa mini inda take, ni kuma in sabunta maka iƙama. Halas, shi ke nan," in ji Rashad, yana juya kofin shayinsa a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mansura, a Doha.

Masahudu ya dubi tafin hannunsa da turin baro a kasuwar Souq Waqif ya sa ya yi kanta. Iƙamar, wato takardar zamansa a ƙasar, ta kusa mutuwa, ga iyali a Kumasi suna jiran abin da zai aiko. Rashad kuwa ɗan Zongo ne kamarsa, sai dai shi dillali ne, yana kawo mata aikatau ya riƙe fasfonsu. Ɗaya daga cikinsu, Wasilatu, ita ce ta gudo daga gidan da ya kai ta, da tabon dutsen guga a kafaɗa, kuma can yake son mayar da ita.

"Tana gidanmu, ɗakin matan da ke sama," Masahudu ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma akwai tsoho a ƙofa."

"Wannan mai bautar gunkin? Iska ma ta ishe shi."

Tsohon shi ne Harilal, mai gadin gidan, ɗan Nepal mai addinin Hindu, wanda ciwon zuciya ya rage masa numfashi. Kujerarsa ta roba na bakin ƙofa. Ranar wani bikinsu aka kawo masa jan zare daga gida, yana ta fama ya ɗaura shi da hannu ɗaya, sai Wasilatu ta sauko zubar da shara. Tausayi ya kama ta, ta ɗaura masa a wuyan hannu. Tsoho ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa.

"Kin san abin da kika yi?" ya ce da guntun Larabcinsa. "A wurinmu macen da ta ɗaura wa namiji wannan zare ta zama ƙanwarsa. Tsaronta ya hau kansa."

Masahudu yana wajen ranar, har ya yi masa tsiya: "Baba Hari, kai da ko bene ba ka iya hawa?"

"Ba maganar ƙarfi ba ce, ɗan'uwa. An koya mana mugu a tare shi, na kirki a tsare shi. Wanda ya gani ya kau da kai, da shi aka yi. Ko Ubangijinmu, in zalunci ya yi yawa, wannan aikin ke sauko da shi."

"A'uzubillahi! Sha shayinka dai, Baba."

Washegarin haɗuwarsu a shagon, da azahar, Rashad ya iso da wasu ƙarti biyu, lokacin mazan gidan duk suna wurin aiki. Masahudu ne kaɗai bai fita ba ranar, yana leƙe ta taga. Ya ga Harilal ya ja ƙofar ƙarfe ya datse, ya tsaya a waje cikin rana, ya kama sandunan ƙofar da suka yi zafi da hannu biyu.

"Yalla, matsa, tsoho! 'Yar garinmu ce, ina ruwanka?" in ji Rashad.

"Ƙanwata ce." Ya ɗaga hannun mai zare.

Suka yi dariya, suka fizge shi, bai saki ba. Ɗayan ya doke shi da kafaɗa, bai saki ba. Ihu kawai yake da yarensu, har mai wanki da mai kantin maƙwabta suka fito da wayoyi a hannu. Rashad ya tofa yawu, suka shiga mota. Sai da ƙarar motar ta ɓace Harilal ya sulale ƙasa.

Masahudu ne ya tallafe kansa kafin motar asibiti ta zo. Leɓen tsohon ya yi fari.

"Wani ya faɗa musu," Harilal ya ce da ƙyar. Ya riƙe rigarsa. "Kai mutumin kirki ne. Ka zauna a ƙofa kafin in dawo."

Masahudu ya ce to. Washegari da sassafe ya tafi turin baronsa.

Harilal bai dawo ba. Kafin a gama takardun tura gawarsa gida, Rashad ya sake zuwa, ya tarar da ƙofa a buɗe. Matan sama sun ce Wasilatu ba ta yi kuka ba, takalminta kawai ta nema.

Rashad ya samu abin da ya zo nema. Masahudu ya samu iƙamarsa, sabuwa fil. Wasilatu ta rasa wanta ɗaya tilo a Doha, shi kuma tsoho ya tafi a akwati.

Daga asibiti aka aiko da kayansa cikin leda: silifas, makullin ƙofa, da jan zaren da suka yanke da almakashi. Ba wanda ya san wa za a ba. Ledar tana nan a kan kujerar roba, kullum Masahudu yakan ratsa ta gefenta in zai fita, idonsa na kan titi.