Fasinjan Farko na Jirgin Potiskum

Malam Ari a kan sitiyarin motar asibiti ya yi furfura. Ƙaramin asibitin unguwa ne a bayan Yindiski, cikin garin Potiskum, kuma duk naƙudar da ta gagari Hajja Fanne unguwarzoma, shi ke kwasar mai ita zuwa babban asibiti. Ana nan sai manya suka zauna can inda suke zama, suka gano cewa abin da ke damun mutanen Potiskum ba ciwo ba ne, rashin jirgin ƙasa ne. Wai garin da ke loda shanu zuwa kudu bai kamata ya dogara da tirela ba. Aka rufe ƙananan asibitoci, aka ce an haɗe su da babban ne, aka sallami ma'aikata da godiya mai yawa.

Hajja Fanne ta koma gida tana suyar gyaɗa. Shi Malam Ari ya taki sa'a, don an miƙa motarsa ga Kwamitin Jirgin Ƙasa, aka haɗa da shi yadda ake sayar da akuya da igiyarta. Aka shafe farin fenti da kore, aka zana kan jirgi yana hayaƙi a gefe. Jiniya ce kawai aka manta ba a cire ba.

Sabon aikin bai da wahala. Zai ɗauki baƙi ya kai su hanyar Nangere, su kalli allon da aka kafa a inda za a gina tasha, su jinjina kai, ya dawo da su. Layin dogo kam ko ƙusa ba a kafa ba. Gero ne a wurin, kuma ya yi kyau. Injiniya Halliru, shugaban kwamitin, ya gindaya masa sharaɗi guda: ranar da mara lafiya ya shiga motar nan, ranar aikinsa ya ƙare. Malam Ari na da iyali, kuma a shekarunsa babu mai ɗaukarsa ko da yaron mota. Don haka in aka buga masa ƙofa don mara lafiya sai ya aika a ce ba ya nan. Abin na cin ransa, har ya daina bi ta layin tsohon asibitin don kunya.

Ranar aza harsashin tasha, shi aka damƙa wa sabon shebur da cokalin gini da bulon da babban baƙo zai ɗora. Ya fito da hantsi ke nan sai ga Hajja Fanne tsaye a tsakiyar hanya, mayafi ɗaure a ƙugu. A gefenta Safiyanu manomi ne kwance, kububuwa ta sare shi a gona, ƙafar ta kumbura sumtum. An tare titi saboda manyan baƙi, babu keke napep ɗin da zai wuce.

"Hajja, kin fa san sharaɗin da aka yi mini," in ji shi.

"Na sani, Malam. Ko ka ɗauke shi, ko ka bi ta kaina."

Bai san lokacin da ya ture bulon gefe ba. Suka kwantar da Safiyanu kusa da shebur. Da ya iso shingen 'yan sanda, hannunsa da kansa ya kai wurin da ya saba, jiniya ta ɗauka.

To, a garin nan kowa ya san ƙa'ida: motar da ke kuka ita ce gaba, saura su bi. 'Yan sanda suka ga koriyar mota da hoton jirgi, suka ƙame suka sara mata. Direbobin tawagar baƙi, da ke jiran mai nuna hanya a shataletale, suka jero a bayansa. Malam Ari na duba madubi ya ga baƙaƙen motoci har iya ganinsa. Ya ƙara wuta don ya tsere musu, su ma suka ƙara. Haka ya ja su kaf har ƙofar babban asibiti, makaɗa na can cikin gero suna jira.

Babban baƙon, wani mai babbar riga daga cikin waɗanda suka yanke hukuncin rufe ƙananan asibitoci, ya fito ya ga asibiti, ya ga kyamarori, ko gezau bai yi ba. Ya ce dama da gangan ya biyo don duba marasa lafiya. Ya tsaya a kan Safiyanu ana yi masa allura, ya shaida wa 'yan jarida cewa ga shi tun ba a shimfiɗa layi ba jirgin ya fara ceton rayuka. Aka yi tafi. Ya kama hannun Malam Ari ya ɗaga sama, Injiniya Halliru na gefe yana murmushin dole. Malam Ari ya ji sanyi a ransa, ya ce lallai Allah ya rufa asiri.

Sai baƙon ya ƙara da cewa mota mai albarka irin wannan ba ta dace da jigilar bulo ba. Nan take ya ba da ita kyauta ga babban asibiti. Tafin ya fi na farko, har da Malam Ari a masu yi.

Washegari Malam Ari ya zo asibitin da sassafe ya goge gilashin motar. Aka gaya masa cikin ladabi cewa asibiti na da direbobinsa, har sun yi yawa tun da aka haɗe ƙananan. Ya tafi ofishin kwamiti, Injiniya Halliru ya ce shi bai kore shi ba, ai ba a korar wanda aka ɗaga wa hannu a talabijin; sai dai kwamitin da ba shi da mota ba ya buƙatar direba. Ya yi masa alkawarin za a tuna da shi in jirgi ya iso.

Safiyanu ya warke, ya kawo masa damin gero har gida. Yanzu da yamma Malam Ari kan zauna a ƙofar Hajja Fanne yana taya ta ƙulla gyaɗa a leda. In aka zo neman mota don mai naƙuda, ba ya aikawa a ce ba ya nan. Da kansa yake fitowa ya ce babu.