Tuta Mai Sanda Biyu

Philemon yana ta bubbuga ƙofar ofishin ƙungiya da sandarsa sai ga Abdulrashid ya ɓullo daga bayan ɗakin magani, waya manne a kunne. Shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan asibitin Zuru a yanzu, yaron da Philemon ya koya wa ɗaurin ciwo da hannunsa.

"Kwamared Baba! Kai ne da sassafe haka?"

"Yau za a binne Sila a Manga. Mutum nawa ka shirya?"

Abdulrashid ya sauke wayar yana sosa ƙeya. "Allah sarki, Baba Sila direba. Wallahi na ji labari."

Ka ji fa, wai ya ji labari! Sila da Philemon su ne suka kafa al'adar nan tun suna da baƙin gashi: in ɗan ƙungiya ya rasu, Musulmi ne ko Kirista, abokan aikinsa ne za su ɗauke shi a kafaɗa har bakin kabari, tutar ƙungiya tana gaba. Philemon ya daɗe da yin ritaya, amma bai taɓa fashin taro ba, ko da yake ba shi da ƙuri'a, kuma in ya ɗaga hannu sai a yi kamar ba a gani ba. Da ciwo ya ci ƙarfin Sila, ya kama hannun Philemon a gaban matarsa Margaret ya ce kada a bar 'yan coci su ɗauke shi, mutanensa yake so. Philemon ya buga ƙirji ya ce an gama.

"Baba, dubi can," Abdulrashid ya nuna barandar da marasa lafiya suka cika maƙil. "Rabinmu sun tafi Birnin Kebbi taron zaɓe. Waɗanda suka rage, in na cire ko mutum ɗaya, wa zai duba waɗannan? Kuma yaran nan ba su ma san shi ba."

"Shi ya ɗauki uwayensu a motar asibiti suna naƙuda!"

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

Philemon ya buga sandarsa a ƙasa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron ba ƙarya yake yi ba.

"To, ba ni tutar."

Abdulrashid ya shiga ya zaro ta daga bayan kabad, duk ƙura da kashin ɓera. Doguwa ce, irin wadda sai mutum biyu sun riƙe, ɗaya nan ɗaya can.

"Ka riƙe ta ma gaba ɗaya, Baba, ba sai ka dawo da ita ba. Mun buga sabuwa."

A bakin ƙofar asibiti Philemon ya zauna yana kiran tsofaffin abokan aiki. Wannan ido ya tafi, wancan yana Kaduna wajen 'ya'yansa, wani kuma matarsa ce ta ɗauka ta ce ai shi ma sai an tayar da shi ake ba shi kunu. Arzika kaɗai, tsohon mai dafa abincin marasa lafiya da ke Rikoto, ya ce, "Zo ka ɗauke ni. Hannu ɗaya ya shanye, amma ɗayan yana nan."

Kabu-kabu ɗaya suka hau su biyu, sandunan tutar suna dukan ɗan kabu-kabun a kunne, yana tsaki har suka iso Manga.

An riga an fito daga coci. Akwatin gawar yana kan benci a ƙarƙashin ɗorawa, matasan coci sun ja gefe sun harɗe hannuwa, don an gaya musu yau ba aikinsu ba ne. Philemon da Arzika suka warware tutar. Gefen Arzika sai rinjaya yake yi yana sharar ƙasa.

Margaret ta taso cikin baƙaƙen kaya, ta shafa rubutun da ya koɗe, ta yi ɗan murmushi, na farko tun rasuwar.

Ta dubi Philemon. "Na gode, Baban Goodness. Na san ba za ku ba shi kunya ba. Ina sauran?"

Philemon ya dubi akwatin. Ya dubi Arzika, Arzika ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, tsoron fuskar matar nan ya kama shi, bakinsa ya riga shi magana.

"Suna hanya."

Fasto ya matso yana duba agogo, ya ce rana tana yi, ko a bar matasa su ɗauka?

"A'a, Fasto," in ji Margaret da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Mijina ya faɗi masu ɗaukarsa. Suna hanya. A jira su."

Ta koma ta zauna kusa da akwatin, ta ɗora tafin hannunta a kai. Jama'a duka suka juya suna kallon hanyar Zuru. Philemon ya gyara riƙon sandar tutar da ta fara yi masa nauyi, shi ma ya juya yana kallon hanyar tare da su.