Bango na Sha Huɗu

Shekara ashirin da biyu Hinnerk Osterloh da Folkert Behrends suna zaune ɗaki ɗaya a ofishin zane na ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a garin Wilhelmshaven, kuma ko tari Folkert ya yi sai Hinnerk ya ji haushi. Folkert ke zana mazaunin igwa. Shi Hinnerk rabonsa can ƙasa ne, cikin tumbin jirgi: bangayen ƙarfen da ke raba shi ɗaki-ɗaki, don in ruwa ya shiga ɗaya kada ya ci sauran. To wa ya taɓa ɗaukar hoton bango? Ranar da jirgin yaƙi Eiderland ya fara fita teku, igwoyinsa takwas jarida ta buga, ga Folkert a gindinsu ya cika yana batsewa. Har lambar yabo aka maƙala masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ladan Hinnerk zagi ne. Ko ƙofa ɗaya bai sa a bangayensa na ƙasa ba, saboda haka sojan da ke son leƙa ɗakin da ke gefensa sai ya hau tsani uku, ya sauka uku. Abin da suke ce wa mai zanen ba ya maimaituwa. Ga shi kuma Folkert yana da ɗa namiji, Enno, sojan ruwa a jirgin nan. Hinnerk da matarsa Gesine ba su taɓa haihuwa ba, wannan ma yana cikin abin da ke cin sa.

Ana nan yaƙi ya ɓarke. Da sanyin shekara ta biyu ta yaƙin, Folkert ya dire masa kofin shayi a kan tebur, har da ƙanƙarar sukari, abin da a lokacin sai mai hanya.

"Osterloh, alfarma nake nema. An tura Enno ɗakin gaba, can ƙasa. Tsani ɗaya ne a wurin, murfin fita ɗaya a samansa. In murfin ya maƙale fa? Jirgin zai shigo gyara makon gobe. 'Yar ƙofa ɗaya a bango na sha huɗu, sa hannunka kawai ake bukata."

"Ƙofa rami ce, Behrends, ruwa kuwa ba ya ɓatan rami."

"Ɗana ne fa."

"Mutum dubu da ɗari ne a jirgin, kowa ɗan wani ne. Je ka ji da igwoyinka, mai lambar yabo."

Gaskiya ya faɗa, ko wane injiniya aka tambaya haka zai ce. Amma daɗin da ya ji ba na gaskiya ba ne, na ganin Folkert tsaye yana roƙo ne. Ya shanye shayin tas, ya sauka matattakala yana fito. Da ya isa gida Gesine har tambayarsa ta yi ko an yi masa ƙarin girma.

Ƙarshen watan Mayu aka gwabza da jiragen Ingila. Eiderland ya dawo yana jan jiki, rabin igwoyinsa sun mutu, hancinsa nutse cikin ruwa. Ruwan ya cinye ɗakunan gaba ɗaya bayan ɗaya, da ya zo bango na sha huɗu ya tsaya cak. Shugaban ma'aikata ya tara kowa ya ce ba igwa ce ta dawo da jirgin nan ba, bangon Osterloh ne, kuma ya tura sunansa a ba shi lamba.

Hinnerk ya waiga don ya ga fuskar Folkert, sai ya ga kujerarsa ba kowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Shekara ashirin da biyu yana jiran ranar nan, mutumin ya ƙi zuwa ya gani? Ashe shi ma ya iya hassada. Enno ya faɗo masa a rai, ya ture tunanin. Ai akwai tsani.

Kwana huɗu ana zuƙe ruwa daga jirgin a ramin gyaran jirage. Da aka gama ya ɗauki fitila ya sauka don ya ga bangonsa. Sai ya tarar da Folkert a ɗakin gaban, zaune a kan bututu, wandonsa duk taɓo.

"Barka, Osterloh. Bangonka ya riƙe."

Hinnerk ya ɗaga fitila. Fentin bangon ya sassaɓe daidai tsayin ƙirjin mutum, duk shaidar guduma ce.

"Harsashin farko ya lanƙwasa murfin," in ji Folkert. "Su goma sha ɗaya ne a ciki. Jiya aka fitar da gawar Enno."

"Behrends, ni..."

"Bari. Na yi lissafin sau uku. Da ka sa ƙofar, da jirgin duka ya tafi. Kai ke da gaskiya, zan faɗa a gaban kowa." Ya miƙe yana dafa bangon. "Abu ɗaya dai nake so ka gaya mini, ya hana ni sukuni. Ranar da ka ce mini a'a, na ji ka a matattakala kana fito. Wace waƙa ce?"

Hinnerk ya san waƙar sarai, tun safe ma ita ce a bakinsa. Ya tsaya riƙe da fitila, Folkert yana jiran amsa.