Tagar da Gallagher Ya Fasa

Duk ɗan kwana-kwanan da ya tsufa a unguwannin ƙananan gidaje na Chicago, hannunsa ya saba da abu ɗaya: wuta ta kama, ka fasa taga, hayaƙi da zafi su fita, 'yan'uwanka na ciki su sami sauƙi. A dogayen benayen bakin tafki kuwa, wannan kisan kai ne tsagwaronsa. Mun gaya wa Gallagher haka tun ranar da aka dawo da shi tasharmu, ya tuntsire da dariya har kofinsa ya zube.

"Tsoho, a nan sama iska ce ke mulki," in ji Pruitt, abokin aikina.

"Rufe min baki, ɗan jiya. Kana tsumman goyo nake kashe wuta."

Ran da abin ya faru da tsakar rana ne, iskar tafki kamar ta tuge mutum daga ƙasa. Wuta ta tashi a wani gida can sama, hawa na ashirin da wani abu. Lif ta sauke mu ƙasa da wutar kamar kullum, muka ƙarasa da ƙafa, tukwanen iskar shaƙa na danne mana baya. Kyaftin Sosa, 'yar gajeruwar mace mai muryar tsawa, ta raba aiki a kan matakala. Ni da Pruitt mu shiga da tiyon ruwa. Gallagher ya hau gidan da ke saman mai cin wutar, da bargon nan mai nauyi da wuta ba ta ci.

"In gilashin tagar gidan ƙasa ya fashe da kansa, ka sako bargon ka toshe iska. Iyakar aikinka ke nan. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe," ya ce, yana kashe min ido.

Muka ja ciki cikin lungun da ke tsakanin gidajen, hayaƙi baƙi ƙirin. Pruitt ya tura ƙofa ya shige da bakin tiyo, ni na tsaya a bakin ƙofar ina tura masa sauran. Can na ji muryarsa a oba-oba: "Kai! Zafin nan ya yi yawa, kunnuwana soyuwa suke!"

Ƙorafi ne kawai, kullum Pruitt sai ya yi shi. Amma Gallagher ya ji. Ashe ya ɗaura sandar ƙarfensa a igiya, ya leƙo ta tagarsa, ya zuro ta ƙasa yana lilo da ita kamar yadda aka koya masa tun yana saurayi. Na ji "tass!"

Wayyo Allah. Iska ta shigo ta tagar, ƙofa a buɗe, sai wutar ta kwanta ta taho a miƙe kamar daga bakin na'urar walda. Ta buga ni da bango. Kwalkwalin da ke kare min kai ya fara narkewa yana ɗiga a wuyana. Ina jin ihun Pruitt, ba ta oba-oba ba, da kunnena, har ihun ya yanke. Na bi tiyo da lalube na cafki takalminsa na ja, Kyaftin ta zo ta kama ɗaya ƙafar. Da muka fito da shi kan matakala, robar da ke rufe fuskarsa ta manne da naman. Na zare masa safar hannu, fatar ta biyo ta.

Ma'aikaciyar motar asibiti ta durƙusa tana danna masa ƙirji, ina jin haƙarƙarinsa na karyewa. Ni kuma kuka nake, ban ma sani ba.

Sai ga Gallagher ya sauko, igiya a kafaɗa, haƙora a waje.

"Yaya, yara? Kun ji sauƙi, ko? Na ji yaron nan yana kukan zafi, na ce bari in..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na kwaɗa masa kwalkwalin a baki, haƙori ya yi tsalle ya buga ƙarfen matakala. Na shaƙe shi, na haɗa ƙeyarsa da bango, na sake haɗawa. "Shege! Ɗan iska! Uban wa ya sa ka?" Kyaftin na ja na tana ihun in sake shi, na ture ta. Shi kuwa ko hannu bai ɗaga ba, don ya riga ya hango abin da ke kwance bayana.

Da ƙyar aka ɓamɓare ni. Gallagher ya zame ya zauna, jini na bin gemunsa, idonsa a kan Pruitt.

"Ai taimakonsa na yi," ya ce a hankali. "Kyaftin, taimakonsa na yi."

Ma'aikaciyar ta ɗauke hannayenta daga ƙirjin Pruitt.