Layin da Dakta Ya Ƙara

Sau uku Dakta ya dawo mini da allon lantarkin ma'aunin buhunan nan a mako ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai miƙo mini shi a hannu ba. Jefa shi yake yi a kan teburina, cikin guntattakin waya.

"Mai dalma, kayanki ba ya magana."

Shekara goma sha huɗu ina haɗa allunan lantarki a kamfanin. Shi ƙanin matar maigidan ne, ya zo da takardu da kujera mai juyawa, aka ba shi rubuta direba, 'yar manhajar da za ta sa kanel, wato zuciyar manhajar kwamfutar, ta riƙa karɓar nauyin buhu daga allona. Da an ɗora buhu sai kwamfutar ta tsaya cik tana jira, kamar ba a ɗora komai ba.

Na canza guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar allon, na sake dalma, na canza waya. Har sababbin alluna uku na haɗa masa, duk ya watsa su a kwandon shara. A karo na huɗu na ɗauki na'urar duba sigina na shiga ofishinsa ba sallama. Na maƙala ta a ƙafar guntun, na ɗora buhun yashi. Koren layin da ke fuskar na'urar ya yi tsalle.

"Ga shi nan yana magana, Dakta. Kai ne ba ka ji."

Ya taɓe baki. "Wannan ba fanninki ba ne, Hajiya."

"To buɗe mini fanninka in gani."

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar yana murmushi, ya tabbata ba zan gane komai ba. Gaskiya ban gane yawanci ba. Amma lambar rajistar, wato gurbin da allon ke ajiye alamar "na gama awo" na san ta kamar lambar wayata, sai ga ta sau biyu a jere.

"Wannan na saman fa?"

"Na bincike ne. Yana buga mini abin da ke ciki."

"Ka karanta takardar guntun?"

Tana ƙarƙashin kofin shayinsa, duk zoben ruwa a bangonta. Na zaro ta, na buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Wannan rajistar, da zarar an leƙa ta sai ta share kanta. Layin binciken nasa ne ke leƙawa ya kwashe alamar, direban ya zo ya tarar da wayam, ya zauna jira.

Ya goge layin da yatsa ɗaya. Aka ɗora buhu: kilo hamsin.

Washegari a taro ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya ce ya gano wata matsala mai zurfi tsakanin kanel da na'ura. Maigidan ya jinjina kai, ya juyo gare ni.

"Ke kina da abin cewa?"

"Alluna uku masu lafiya na cikin kwandon shararsa. A aiko mini da su kafin mai shara ta zo."

Da rana Dakta ya kawo su da kansa. Ɗaya ya tsage, sai da na yi awa biyu a kansa.