Turke Zai Je Ganin Teku

A bakin ƙofar wani dogon gidan haya mai hawa uku akwai ɗan shago, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Nan mai gyaran rediyo yake zama. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni, kowa Turke yake ce masa, don ba ya zuwa ko'ina. In ka fita da sassafe yana nan, in ka dawo da yamma yana nan, a kan kujerar da ya ɗaure wa ƙafa da waya.

Zaman nan shi ya jawo masa makullai. Wata ce ta fara, ta ce ya riƙe mata na ɗakinta, yara za su dawo daga makaranta. Ya buga ƙusa a bango ya rataye. Kafin a ankara bango ya cika. Layin ƙasa na 'yan hawan ƙasa, na tsakiya na 'yan tsakiya, na sama na 'yan sama, kowace ƙusa daidai da inda ƙofar mai ita take. Bai taɓa rubuta suna a jikin makulli ba, ya ce makulli mai suna ɗan jagoran ɓarawo ne. Ya kuma san wanda ake ba da wanda ba a ba. Matar birkila a ba ta, ƙanen birkila ko ya yi rantsuwa da kabarin ubansa kada a ba shi. Ba a biyansa komai. Sai dai "sannu Turke", wani ma ko sannun babu.

Akwai makulli ɗaya da ya fi sauran nauyi, na ɗakin ƙarshe a hawan sama. Wata nas ce a ciki ita da uwarta. Tsohuwar ta rikice, in aka bar ƙofa a buɗe sai ta sauko ta kama titi tana neman gidansu na ƙuruciya. Dole nas ta kulle ta in za ta aiki. Da rana tsaka Turke ya hau ya buɗe, ya ba ta abinci da magani. Ba ta karɓa a hannun kowa sai nasa, don a ganinta shi ne ƙanenta da ya mutu tun kafin a haifi nas.

To, maiɗakin Turke idonta ya fara rufewa. Daga gefe abin ya faro yana cin tsakiya, kamar tana leƙen duniya ta cikin bututu. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi, ba zai tsayar da shi ba. Ba ta yi kuka ba. Da suka dawo gida ta cire mayafi ta ce, "Malam, ina so in ga teku kafin a ɗauke min wuta."

Ya ce, "Teku? Ruwa ne fa. Ga randa nan, leƙa."

"Randa na gani tun ina yarinya. Ka ce za ka kai ni tun cikin fari. Yaron yanzu gemu gare shi."

Gaskiya ta faɗa, ya sani.

Ƙanenta direban motar kaya ne, ana ce masa Babu-Birki. Yana kai kaya babban birnin nan na bakin teku. Ranar Litinin ya zo shago, ya ture wata matacciyar fanka ya zauna, yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a goshi.

Ya ce, "Juma'a da safe zan tashi. Gaban mota na ɗaukar mutum biyu. Ku kwana biyu a can, in na yi lodi mu juyo. Sai dai ban sani ba ko turke na tuguwa, ko sai na zo da diga."

Turke ya ce, "Kai dai gyara birkinka, kada ka zuba mu cikin tekun."

Babu-Birki ya jawo wata tsohuwar talabijin da ƙura ta rufe, ya sa yatsa ya fara zana birnin a kanta. "Nan ne tasha, akwai masauki a bayanta, mai shi mutumina ne. Daga nan ku hau bas, za ta bi da ku ta kan doguwar gada. Yaya, in kina tsakiya, dama ruwa hagu ruwa, ba ki ganin ƙarshe. Nan tashar jiragen ruwa. Jirgi ɗaya ya fi gidan nan uku in an ɗora su kan juna."

"Ƙarya dai ba ta biyan kuɗin mota," in ji Turke.

Wata mata ta leƙo. "Turke, makulli." Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro ya ba ta.

"Nan kasuwar kifi, ku je da sassafe. Nan kuma doguwar hasumiya mai fitila, ana hawa..."

"Ni dai ruwan," in ji maiɗakin Turke. "A kai ni inda yake zuwa ya taɓa ƙafa ya koma. Sauran in lokaci ya ragu."

"Baba Turke, an kawo namu?" Ya sake miƙa hannu baya.

Ta jira har mai tambayar ya wuce, sannan ta ce, "Shi wannan yana can wajen lodi, ba zan gan shi ba. Kai za ka riƙe min hannu, Malam. Abin da idona bai kai ba ka faɗa min. Ka san kai ba ka iya ƙari ba, in ka ce babba ne to babba ne."

Ya ce, "Na ji. Za mu je." Ya faɗa da ƙarfi, kamar mai faɗa da wani.

Washegari ya fara mayar wa mutane makullansu. Nan ya gane ramin da ya haƙa wa kansa. Birkila ya ce su shida ne a ɗaki, makulli ɗaya, kowa da lokacin dawowarsa. Mai sayar da gwanjo ta ce in ta ba yaranta za su yar kafin azahar. Wani dattijo a hawan tsakiya ya riƙe baki ya ce, "Kai za ka yi tafiya? Lafiya dai? Wa ya mutu?" Duk wanda ya miƙa wa sai ya mayar da hannu baya kamar wuta aka miƙo masa.

Sai ya nufi maƙwabcinsa mai aski, mutum mai tsabta da son tsari, wanda ko tsinke ya faɗi a shagonsa sai ya share. Ya kawo shi gaban bango ya yi masa bayani, wannan na wane, wannan kada a ba wane. Mai aski yana gyaɗa kai yana cewa, "Wannan ai wasan yara ne. Ni da nake riƙe da kawunan mutane?"

Turke ya ce, "Gobe za mu gwada. Zan kai maiɗakina asibiti karɓo magani, mu sayo mata baƙin tabarau. In ban dawo da rana ba, ka ba matar birkila na tsohuwa, ta hau ta lallaɓa ta."

Layin asibiti ya ci musu yini. Ba su dawo ba sai la'asar. Tun daga nesa ya hango mutane cirko-cirko a bakin gida, yara da jakunkunan makaranta zaune a kan matakala. Ya shiga shago ya ga bango tsirara, ƙusoshi kawai.

Mai aski ya fito da gwangwanin hoda a hannu, gumi na zuba. "Ba zan riƙa barin kan mutum rabi da rabi ina zirga-zirga ba. Shi ya sa na tattaro su nan kusa da ni. To sai kuma suka gauraye. Amma ai kai ka san su, ka ware kawai."

Turke ya juye gwangwanin a kan tebur. Ya duba. Ya sake dubawa. Kusan duk gidan wajen mutum ɗaya suke sayen kwaɗo, makullan iri ɗaya ne kamar ƙwayar gero. Shekara da shekaru yana miƙa su, ashe bai taɓa sanin makulli ko ɗaya ba. Ƙusoshi ya sani.

Matar birkila ta ce, "Tsohuwa tun azahar take dukan ƙofa. Ɗazu ta yi shiru."

Ya kwashi makullan a gaban riga ya hau. Gwiwa na ƙara, numfashi na fita da ƙyar. Ya sa na farko, bai juya ba. Ya sa wani, ya sa wani. Ya kira, "Yaya! Ni ne!" Shiru. Ya watsar da su a ƙasa ya ce a miƙo masa guduma. Duka biyu ya ɓalle ƙarfen.

Tana kwance a bayan ƙofa, zaninta a jiƙe, bayan hannunta ya fashe. Ta ɗago kai ta dube shi, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "Ƙanena, ina ka shiga? Na yi ta kira."

Har magariba mutanen gidan suna bin ƙofofi suna gwada makulli, wannan na zagin wancan. Turke yana tsaye, duk wanda ya dace da nasa ya karɓa ya mayar kan ƙusarsa.

Ranar Alhamis ba wanda ya zo masa da faɗa. Da faɗan ne da ya ji daɗi, don ya iya faɗa. Lallami suka zo da shi. Wannan ya ce, "Ka ga dai abin da yini ɗaya ya yi." Wancan ya ce, "Ai kai ne gidan nan." Nas ce ta zo ƙarshe, da kayan aiki a jikinta, ido ya kumbura. Ta durƙusa a bakin shago.

"Baba, ka tafi abinka. Wallahi ba hana ka na zo yi ba. Na nemi hutu sun ce babu. In ta kama in bar aikin, sai in bari. Uwata ce, ba taka ba."

Ta ajiye sabon makulli a kan tebur ta tashi. Turke ya dubi makullin. Ya san a kan aikin nan suke ci su biyu. Ya ɗauka ya rataye a ƙusar ƙarshe ta layin sama.

Ya sami maiɗakinsa tana ninke kaya a jaka, har da rigarsa mai kyau. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Na ce ko a ɗaga zuwa wata mai zuwa. In sami wanda zan koya wa a tsanake."

Ba ta ɗago ba. "Wa za ka koya wa ya zama ƙanen tsohuwa?"

"Za a san yadda za a yi."

"Malam, watan jiya ina ganin fuskarka da kafaɗunka. Yau fuskar ce kawai. Idona ba ya jiran wata."

"To ya kike so in yi? In bar ta ta mutu a bayan ƙofa?"

"Ban ce ba." Ta zaro rigarsa daga jaka ta mayar cikin akwati, ta gyara mata wuya. "Ban taɓa cewa ba."

Juma'a da safe motar kaya ta tsaya a bakin gida tana huci. Babu-Birki ya leƙo ta taga zai yi tsiya, ya ga fuskar Turke, ya haɗiye. Ya sauko ya ɗauki jakar yayarsa. Ya ce, "In na sauke kaya zan kai ta bakin ruwan, ko na ɗan lokaci ne. Gada kam ta kanta za mu bi." Ba wanda ya ƙara zancen kasuwar kifi ko hasumiya.

Ta fito da baƙin tabarau, tana laluben bango. Ta ja ƙofar ɗakinsu ta kulle. Ta zo gaban shago ta miƙa hannu, bai daidaita da inda yake ba, sai da ya matso.

"Turke," in ji ta. Ba ta taɓa kiransa haka ba. "Ga makullina. A ajiye min."

Ya karɓa. Ya riƙe mata hannu har ta taka ta hau. Ya ce, "In ruwan ya zo kada ki matsa ciki da yawa." Ta ce to. Motar ta ja, ta sha kwana wajen mai faci, ƙurarta ta kwanta.

Ya koma ya tsaya gaban bango da makullin a hannu. Ɗakinsu bai taɓa samun ƙusa ba, don kullum tana ciki. Ya binciko wata lanƙwasasshiya a gwangwanin tarkace, ya miƙar da ita a kan dutse, ya nemi gurbi a layin ƙasa ya fara bugawa. Zanen birnin yana nan a kan talabijin, gada da tasha da wani dogon layi da Babu-Birki ya ce shi ne bakin ruwa.

"Turke, ashe kana nan!" Mai gwanjo ce, da ƙullin kaya a ka. "Alhamdu lillahi. Ungo, yara za su dawo da azahar."

Ya ajiye guduma, ya miƙa hannu.